Dashe a Gonar Aro

Gonar da ta ciyar da mu, ta ɗinka mana kayan salla, ta kai ni har na zama malamin makaranta, ba tamu ba ce. Aro ce. Mu mutanen gungu ne, masunta, kuma da ruwan dam ya haɗiye tsibirinmu aka kwaso iyayenmu aka ajiye su a tudu, a wani ƙauye tsakanin Wara da bakin tafki. An ba su ɗakuna, amma ƙasar noma tana da masu ita tun kafin a san za a yi dam. Baba yana saurayi a lokacin, ya iya jefa komar birgi, ya iya tuƙa jirgi, bai iya riƙon fartanya ba. Wani Bakambare, wanda duk muka tashi muna kira Tsoho, shi ya kama hannunsa ya kai shi wani fili mai gangarawa zuwa ruwa ya ce, "Mutumin ruwa, noma nan, kada yunwa ta kashe ka a ƙasata a ce ni na yi." Tun daga ranar Baba ke kiransa mutumin tudu, shi yana kiran Baba mutumin ruwa, suna tsokanar juna har suka yi furfura.

Aron gona a wajenmu yana da ƙa'ida. Ba a rubuce take ba, amma ko mahaukaci ya san ta. Duk kaka za ka kai wa mai gona dami ɗaya na dawa, ba don ya rasa abinci ba, sai don mutane su gani da ido cewa ka san ba taka ba ce. Itatuwan da ka tarar a ciki nasa ne, ba ka sara, ba ka kaɗa 'ya'yansu. Sai wadda ta fi duka nauyi: ba ka shuka itace. Dawa wata biyar ce a girbe a manta, itace kuwa yana nan tsaye bayan kai da mai gonar kun mutu, jikanka ya nuna shi da yatsa ya ce kakana ya shuka, ƙasarmu ce. An sha yin shari'a a gaban hakimi wadda ba ta da wata shaida sai gindin mangwaro ɗaya. Saboda haka duk wanda ya sa dashe a gonar aro ya yi da'awar ƙasa ke nan, ko bai buɗe baki ba.

Itatuwa bakwai ne a gonar: ɗorawa uku, ƙirya biyu, kaɗanya ɗaya, da wani maɗaci babba a tsakiya inda Baba ke rataye gorar ruwansa ya huta idan rana ta take. Duk bazara matan gidan Tsoho sukan zo da dogayen ƙugiyoyi su kaɗe ɗorawar, Inna ta gaishe su da fara'a, in sun gama su aiko mata da ƙwaryar kalwa ta yi daddawa. Ni kuwa tun ina ƙarami abin ke ci mini rai. Mu ke noma gindin itace, mu ke korar awaki, wasu ke kwashe 'ya'yan, mu kuma mu yi godiya a kan ƙwarya ɗaya! In na faɗa sai Inna ta ce, "Kai dai zargi zai kashe ka." Gaskiyarta ce, ba zan ɓoye ba. Ni mutum ne wanda in aka gaishe ni sau biyu a rana ɗaya sai na fara tunanin me ake nema a wajena.

Ina yaro, daji ne daga bayan gari har gindin dutse. Birai suna saukowa su ɓarnata masara, mata ba sa nisa wajen neman itacen girki. Kafin in yi shekara goma ina koyarwa, kana tsaye a gonarmu kana hango motocin da ke wucewa a titi. Ba zan wanke mu ba, kowane gida na masunta yana da wurin banda, kifi kuwa ba ya ƙyafuwa da addu'a, itace yake ci. Sababbin gonaki su ma sun ci rabonsu. Amma masu gawayi da injin yanka su ne suka ƙarasa aikin, buhuna jere a bakin titi kamar an tara mutane sallar idi, manyan motoci suna zuwa suna kwashewa. Da dajin sama ya tafi, ruwan damina ya daina tsayawa ko'ina, sai ya gangaro da ƙarfinsa ya buɗe kwazazzabo a ƙasan gonarmu. Shekarar farko tsallakewa muke yi. Shekara ta huɗu saniya ta faɗa ciki sai da aka sa igiya.

Wata ranar Asabar da rani na bi ta gonar zan je bakin ruwa, sai na hango babban ɗan Tsoho tare da wani baƙo mai jar hula. Shi wannan ɗan Tsoho sa'ana ne, benci ɗaya muka zauna a firamare, yanzu yana da injin niƙa a kasuwar Wara da sabon babur. Baƙon kuma na san shi a gani, dillalin gawayi ne. Na laɓe bayan wani suri ina kallo. Dillalin ya rungumi ƙirya ɗaya yana auna kaurinta da hannuwa, ya ƙwanƙwasa ta da ƙotar wuƙa, ya koma ta biyu ya yi haka, sannan suka tsaya gindin maɗaci suna magana suna dariya. Ƙirya ita ce sarauniyar gawayi, kowa ya sani. Na ce a raina, to, an zo wurin. Yau itatuwa, gobe gonar ɗungurungum, Tsoho ya tsufa idonsa ya yi rauni, yaran nan za su sayar da mu tare da ƙasar.

Da na gaya wa Baba sai ya ci gaba da ɗinkin komarsa bai ko ɗaga kai ba.

"Ka ji abin da suka ce?"

"Ban ji ba, amma na gani."

"Mi ka gani? Mutum ya rungumi icce. Iccen naka na?"

"Baba, dillalin gawayi ne fa!"

"Ko dillalin aljanna ne, iccensu na. Bar abin da ba a tambaye ka ba."

Na bari a baki, ban bari a zuci ba. Har na shiga ƙirga sau nawa babur ɗin ɗan Tsoho ke bi ta hanyar gonar, kuma duk wucewa ɗaya tana ƙara mini tabbaci.

Farkon damina malamin daji, wato ma'aikacin gandun daji na gwamnati, ya kawo wa makarantarmu dashe a 'yan baƙaƙen ledoji, maɗaci da dogonyaro da kashu, aka tara mu aka yi mana jawabi a kan hamada da zaizayar ƙasa. Muka shuka abin da filin makaranta zai ɗauka, saura goma sha biyu suka rage a inuwar ofis ba mai so. Ba mai so kuwa don rabin iyayen yaran a gonar aro suke, sauran rabin suna tsoron in gwamnati ta ba ka itace, gobe ta dawo ta ce filin gandun daji ne. Na ɗora su a kwali bayan kekena.

A nan ne ya kamata in faɗi gaskiya, don na daɗe ina ba da labarin nan da kwaskwarima. Na kan ce don kwazazzabo na shuka su, saiwoyinsu su riƙe ƙasa, kuma akwai wannan a ciki. Amma na san ƙa'ida sarai, da ita aka yaye ni. Can ƙasan zuciyata cewa nake yi, in har za su sayar, to bari su tarar da abin da zai tsaya musu a wuya. Shekara arba'in da wani abu ubana yana zuba gumi a wurin nan, a ce ba mu da ko tsinke da za mu nuna? Na jera su a bakin kwazazzabon ta can ƙasa, inda ciyawa ta yi tsawo kuma ba hanyar kowa ba ce, na kewaye kowanne da ƙaya. Ban gaya wa Baba ba. A lokacin gwiwarsa ta matsa masa, ba kullum yake isa ƙarshen gonar ba.

Kwana huɗu na dawo, babu ko ɗaya. Ba awaki ba ne, don akuya ba ta ɗage ƙaya ta ajiye gefe, ba ta kuma mayar da ƙasa cikin rami ta daddale. Aikin hannu ne, na mai natsuwa ma. Na duba sawu, ruwan da aka yi ya shafe. Amma ina buƙatar sawu? Na riga na san wanda ya yi.

Na koma wajen malamin daji na ce tururuwa ta cinye na makaranta, ya ba ni takwas. Na sake shukawa, wannan karon ma na fi nutsa su. Kwana uku, fes, an kwashe, an ma share wurin kamar ba a taɓa haƙa ba. Kai, ranar ko abincin rana ban ci ba. Matata ta tambaye ni lafiya, na ce mata ciwon kai ne. Na zauna ina jera abubuwa a kaina: dillali ya zo, babur yana yawo, dashe na ɓacewa, matan gidan Tsoho ma kalwar bana ba ta cika ƙwarya ba. Komai ya hau kan komai daidai, ban ga ko ƙofa ɗaya ta shakka ba.

Ranar kasuwar Wara na sami babban ɗan Tsoho a shagon niƙansa, fuska duk gari, mata sun yi layi da kwanoni. Ban yi sallama ba.

"Kashe injin nan, magana gare ni."

Ya kashe yana murmushi. "Malam, yau kuma wace dokar muka karya?"

"Kada ka raina mini hankali. Sau biyu ke nan kana tuge mini itatuwana. In kai namiji ne ka zo da rana ka tuge ina kallo!"

Murmushin ya tafi a hankali. Ya goge hannu a wando ya ce, "Itatuwanka? A ina?"

"A gona mana, a ina kuma? Bakin kwazazzabo."

"Wace gona?"

Sai a nan na waiga. Matan da ke layi, rabinsu Kambari ne, sun daina hira. Wani dattijo mai sayar da igiya a gefe ya ajiye abin da ke hannunsa. Ɗan Tsoho ya juya ya dube su ɗaya bayan ɗaya, sannan ya dawo da ido kaina, ya yi magana a hankali yadda kowa zai ji.

"Jama'a kun dai ji da kunnenku. Malam ya shuka icce a gonar ubana, sau biyu, kuma ya ce nashi ne. Wallahi ban sani ba sai yanzu, Malam. Na gode da ka faɗa mini."

Ya tada injinsa. Na tsaya kamar an dasa ni, sannan na ja keke na fita, ina gaya wa kaina ƙarya yake yi, ya iya wasan kwaikwayo ne kawai.

Labari ya riga ni isa gida, kasuwa ce. Inna na tsaye a tsakar gida hannu a ƙugu. Ba ta yi faɗa ba, da ta yi ma da ya fi mini sauƙi. Cewa ta yi, "Zo ka gani, mai ilimi." Ta kai ni bayan rumfar banda, inda wani tsohon jirgin Baba da ya fashe yake jingine shekara da shekaru. An cika cikinsa da ƙasa, an yi masa inuwa da tsohuwar tabarma. Ga dashena nan a jere, ashirin cif, kore shar, an ma yayyafa musu ruwa da safen nan.

"Da sandarsa ya dinga zuwa bayan sallar asuba," in ji Inna. "Uku-uku yake ɗaukowa cikin riga, don kada wani ya gani. Kwana nawa yana wannan jigilar da wannan gwiwa, kai kana can kana kumbura kana ƙin cin abinci."

Baba yana zaune a zaure. Na durƙusa, na rasa ta inda zan fara, sai na fara ta inda bai kamata ba.

"Baba, ai da ka gaya mini."

"Kai ka gaya mini da ka shuka?" Ya dube ni. "Na yi shiru ne don in na yi magana za ka yi gardama, in ka yi gardama maƙwabta su ji. Na ce bari in kwashe in aje, in kaka ta yi in kai dami, sai in ce mutumin tudu, ga kwazazzabo zai cinye maka gona, ga icce yaro ya samo, zo ka sa da hannunka mu mu yi ban ruwa. In shi ya sa, nashi na, ba mai magana. Haka ake yi. Mi ya hana ka tambaya?"

"Na ga sun kawo dillali."

"Sun kawo. Yaron ya kawo shi, uban ya kore shi, ya ce muddin yana numfashi ba a sa inji a ɗorawar da uwarsa ta ci. Shi da bakinsa ya ba ni labari, muna dariya."

"To me ya sa ba ka faɗa mini ba?"

"Na ce maka bar abin da ba a tambaye ka ba. Wanga bai isa ba?"

Da yamma Baba ya sa babbar riga ya dogara sanda ya tafi gidan Tsoho. Bai ce in raka shi ba. Ya dawo kafin magariba, ya ce Tsoho ya saurare shi, ya ma yarda da shi, amma maganar ta fita daga hannun tsofaffi. 'Ya'yan Tsoho biyar ne maza, ga 'yan'uwa, kuma duk sun taru. Abin da suke cewa shi ne, Malam ɗan boko ne, ya san takarda, ya san ofis, ba zai yi haka kawai ba. Wa ya ba shi dashen? Gwamnati. Wa ya sani ko an rubuta a wani littafi cewa itatuwa ashirin na wane suna fili kaza? Yau an tuge, gobe uban ya mutu, ɗan ya fito da takarda. Har cewa suka yi tugewar ma dabara ce, uba da ɗa sun haɗa baki, in an gani a ce kuskure ne, in ba a gani ba shi ke nan. Na ji wannan na yi tsalle na ce sharri ne. Inna ta ce, "Af, ashe ba daɗi."

Aka kai magana gaban mai gari. Ya tara dattawan ɓangarorin biyu a ƙofar gidansa, muka zauna a tabarmi. Na nemi gafara a gaban kowa, na rantse ba wata takarda, na ce a je a tambayi malamin daji. Wani daga cikinsu ya ce ai shi ne abokin shirin, me zai faɗa? Babban ɗan Tsoho ya miƙe ya ce su ba sa son tashin hankali, abu biyu ne, a zaɓi ɗaya. Ko dai mu girbe amfanin bana mu bar gonar, ko kuwa su nuna wa duniya mai ƙasa ta hanyar da kakanni suka sani: mai ƙasa shi ke sare itace a gaban shaidu, wanda ke ciki yana tsaye bai hana ba. In an yi haka, ko bayan shekara ɗari wani ya fito da takarda, akwai waɗanda za su ce muna nan aka sare, ubanku bai ce uffan ba.

Mai gari ya ce, "Icce ɗaya ya isa shaida."

"Sau biyu ya shuka, ranka ya daɗe," in ji ɗan Tsoho. "Ashirin ya sa. Mu bakwai kawai gare mu."

Kowa ya juya wajen Tsoho. Yana zaune an jingina shi da bango, idanunsa sun yi fari-fari. Ya ce, "Ni ban ce a kori mutumin ruwa ba." Iyakar abin da ya iya ƙwatowa ke nan. Ban ga laifinsa ba, mutum ɗaya ne a gaban gidansa duka, kuma ni na ba su sandar da suka doke shi da ita. Baba ya ce ya zaɓi gona. Ba shi da wata, mu goma sha ɗaya ne ke ci daga cikinta.

Bayan an girbe dawa aka sa rana. Da hantsi muka taru a gonar, mai gari da dattawa da 'ya'yan Tsoho, matansu suna can nesa a tsaye. Sai ga mai jar hula da mutanensa biyu da inji a kafaɗa, da takardar izini a aljihu wadda ya nuna wa mai gari. Ina ganinsa na gane. Wato an riga an yi ciniki. Yaushe aka yi, kafin zaman mai gari ko bayansa? Har yau ban sani ba, kuma har yau ina juya abin.

Mai gari ya kira Baba ya tsaya a gaba. Ya ce, "Za a sare itatuwan gonar nan. Kana da magana?"

"Ba ni da."

Ya maimaita har sau uku, Baba ya amsa sau uku, muryarsa ba ta canza ba. Sannan mai gari ya juyo kaina, don ni ne mai da'awar. "Malam, kai fa?" Ina da magana cike da ciki, ina so in ce ku dubi kwazazzabon nan, ku dubi matanku da za su rasa kalwa, ku dubi wanda zai kwashe kuɗin. Baba ya ɗan juyo ya kalle ni. Na ce, "Ba ni da."

Da ƙirya suka fara, ba mamaki. Ɗorawa ta uku tana faɗuwa wata tsohuwa cikin matan Tsoho ta ɗora hannu a ka ta juya ta nufi gida. Maɗacin ne ya ba su wahala, sai da aka sake zuba mai. Kafin su sa masa inji Baba ya ɗingisa ya je ya ciro wani ƙarfe da ya kafa a jikin itacen tun kafin a haife ni, na rataya, ya sa a aljihu ya dawo wurinsa ya tsaya. Bai zauna ba har aka gama, wajen la'asar, da wannan gwiwar.

Tsoho bai zo da safe ba. Sai da ƙarar ta tsaya aka kawo shi a bayan babur, aka zaunar da shi a kan gungumen maɗacin. Ya shafa wurin yankan da tafin hannu, ya shinshina. Ya ce a kira masa Malam. Na zo na tsuguna.

"Kai ne ɗan mutumin ruwa mai makaranta?"

"Ni ne, Baba."

"Ubanka ya ce iccen naka suna nan a jirgi ba su mutu ba."

"Suna nan."

"Kawo su gobe in sa da hannuna. Gonar ta yi tsirara."

Kafin in buɗe baki babban ɗansa ya matso. Bai ɗaga murya ba, bai kuma yi wa ubansa rashin kunya ba. Ya ce, "Baba, ka yi haƙuri. Waɗannan sun riga sun shiga ƙasar nan sau ɗaya da sunan wani. In sun girma, wa zai tuna hannun wa ya sa su na biyu? Mu dai a bar gonar haka. Muddin mutanen ruwa suna ciki, kada icce ya sake tsayawa a nan, ko wane iri, ko wa ya sa. Dattawa ku shaida." Dattawa suka yi gyaran murya suka ce sun shaida. Tsoho ya miƙa hannu yana laluben Baba, Baba ya kama, suka zauna a kan gungumen su biyu.

Ina da zargina a kan ɗan Tsoho kuma ba zan fasa ba. Ina ganin ya daɗe yana neman hanyar da zai bi ta bayan ubansa ya sayar da ƙiryar nan, ni kuma na share masa ita na shimfiɗa tabarma. Matata takan ce wataƙila tsoro ne kawai ya kama su da gaske, kamar yadda ya kama ni, don su ma sun ga gonakin da aka ƙwace da takarda. Mai yiwuwa. Muna gaisawa da shi a kasuwa, yana ce mini Malam, ina ce masa mai inji, kowa yana kallon hannun ɗan'uwansa.

Tsoho ya rasu da bazarar da ta biyo, Baba ya bi shi bayan shekara biyu. Bai taɓa tada mini maganar ba ko sau ɗaya, sai dai ya kafa 'yar rumfar kara a tsakiyar gonar, iska tana kayarwa yana tayarwa. Aron ya dawo kaina, da sharaɗinsa. Duk kaka nakan ɗora dami a keke in kai ƙofar babban ɗan Tsoho, ya fito ya karɓa a gaban mutane. Kwazazzabon ya cinye kunya goma sha wani abu daga ƙasa, kuma yana tahowa.

Ƙasar ba ta san an yi sharaɗi ba. Shekaru da yawa kalwa na zuba a wurin, ga kututtura da saiwoyinsu ba su mutu ba, don haka duk farkon damina sai 'ya'yan ɗorawa su tsiro da kansu, ƙirya ta yi toho a gindin da aka yanke. In na bar ɗaya ya kai gwiwa, wani zai gani ya ce Malam ya koma halinsa, kuma ba wanda zai yarda cewa Allah ne ya shuka. Ranar Juma'a nakan tsaya a gaban 'yan aji shida in koya musu amfanin itace, in raba musu dashe su kai gida. Ranar Asabar da sassafe in shiga gona tun kafin masu wucewa su fara, in bi kunya-kunya a tsugune, ina tuge su ɗaya bayan ɗaya.